Yaushe Gyaran Ma'auni Yake Zama Ƙirƙira? Shari'o'in Ruwan Ƙarfe da Dokar Najeriya

Farashin bandir ɗin kwanon rufi a shagunan kayan gini na Bauchi ya rataya ne a kan abu biyu, wato kaurin ƙarfen da kuma irin ruwan da aka yi masa, siririn rufin nan da ke kare shi daga tsatsa. Mai gini yana iya gwada kauri da hannu, ya lanƙwasa gefen kwanon ya ji ƙarfinsa, amma ruwan da ke kai ba ya gwaduwa da hannu, shi ya sa tambayar da ake yawan yi wa mai shago ita ce, "Alhaji, wannan zai kai shekara nawa bai yi tsatsa ba?" Damina ce take ba da amsar gaskiya. Bayan 'yan shekaru sai a ga jan zane ya fara gangarowa daga bakin ƙusa da kuma gefen da aka yanka, domin a nan ne ruwan ya tsage, ƙarfen ya fito fili. A kan wannan ruwan, wanda kaurinsa bai kai na silin gashi ba, manyan kamfanonin duniya suka shafe kusan ƙarni guda suna kai juna kotu, kuma yawancin shari'o'in suna komawa ne ga tambaya guda: shin abin da wani ya ce ya ƙirƙiro ƙirƙira ce ta gaske, ko kuwa abu ne da duk wanda ya san sana'ar zai kai gare shi in ya zauna ya gwada?

Takardar mallakar ƙirƙira, wadda lauyoyi ke kira fatent, ciniki ne tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Shi zai bayyana sirrin aikinsa a rubuce dalla-dalla, yadda wani masanin sana'ar zai iya maimaita shi, ita kuma hukuma ta ba shi ikon hana kowa cin kasuwa da wannan dabara har tsawon shekara 20 daga ranar da ya shigar da takardunsa. Dokar Najeriya ta 1970 da ke kula da wannan fanni ta kafa sharuɗɗa uku a sashenta na farko: abin ya zama sabo, ya zama ya fito daga aikin ƙirƙira, kuma ya zama mai amfani a masana'antu. Sharaɗi na biyu ne mai wuyar sha'ani. Dokar ta ce abu ya fito daga aikin ƙirƙira ne idan ba a bayyane yake biyo bayan ilimin da aka riga aka sani ba, ko ta fuskar hanyar aikin, ko yadda aka yi amfani da ita, ko haɗa hanyoyi daban-daban, ko kayan da aka samar, ko sakamakon da ya haifar a masana'anta. Ilimin da aka riga aka sani kuwa, a wurin wannan doka, ya haɗa da duk abin da ya isa ga jama'a a ko'ina cikin duniya kafin ranar shigar da takardu, a rubuce ne, ko da baki, ko ta hanyar amfani da shi.

Tabbatar da cewa abu ba sabo ba ne ya fi sauƙi, domin da zarar an nemo takarda ɗaya da ta ƙunshi duk abin da mutum ke da'awa, magana ta ƙare. Batun bayyanar abu ya fi haka nisa, saboda a nan babu wata takarda guda da ta ƙunshi komai. Wata ta faɗi rabin dabarar, wata ta faɗi sauran rabin, sai alƙali ya tambayi kansa: shin masanin sana'a na tsaka-tsaki, wanda ya karanta takardun nan duka amma ba shi da baiwar ƙirƙira, zai haɗa su da kansa ya isa inda mai da'awar ya isa? Wannan masani ba mutum ba ne da za a kira ya tsaya gaban kotu, doka ce ta ƙaga shi don ya zama ma'auni. Babbar wahalar ita ce alƙali yana yin tambayar ne bayan shekara goma ko fiye, kuma ya riga ya ga amsar. Kacici-kacici kuwa, da zarar an ba da gari an faɗi amsarsa, kowa sai ya ga ai da ma a fili take.

Kotunan Amurka sun daɗe suna fama da wannan. A 1851, cikin shari'ar Hotchkiss da Greenwood, Kotun Ƙolin ƙasar ta soke takardar wasu da suka yi mariƙin ƙofa da yumɓu maimakon ƙarfe ko katako, bisa hujjar cewa musanya wani abu da wani, alhali hanyar haɗawar tsohuwa ce, aikin gwanin maƙeri ne, bai kai matsayin ƙirƙira ba. Majalisar ƙasar ta shigar da wannan ƙa'ida cikin doka a 1952, sannan a 1966, cikin shari'ar Graham da John Deere, kotun ta tsara yadda za a riƙa bi: a fara tantance ilimin da ya gabata, a gano bambancinsa da abin da ake da'awa, a auna matakin ƙwarewar 'yan sana'ar, sannan a saurari shaidun waje, irin su karɓuwar abin a kasuwa, da daɗewar da aka yi ana neman mafita, da gazawar waɗanda suka gwada a baya.

Abin da ya sa yi wa ƙarfe ruwa ya fi sauran fannoni jawo wannan rigima shi ne kayan aikin duk tsofaffi ne. Tun 1742 wani masanin sinadarai Bafaranshe mai suna Melouin ya bayyana yadda ake tsoma ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya, kuma Stanislas Sorel ya karɓi takarda a kan wannan aiki a Faransa a 1837. A 1840 'yan gidan Elkington na Birmingham suka karɓi tasu a kan yi wa ƙarfe ruwan azurfa da na zinariya da ƙarfin lantarki. Ruwan kuza da ake yi wa gwangwani ya girmi waɗannan duka, kuma kuzar da aka riƙa haƙowa a tsaunukan Jos, waɗanda suke cikin Lardin Bauchi har zuwa 1926, ta ciyar da wannan sana'a a Ingila shekara da shekaru. Tunda ƙarafan sanannu ne, hanyoyin ma sanannu ne, abin da ya rage wa mai bincike shi ne lambobi: kashi nawa na wane ƙarfe, zafi nawa, daƙiƙa nawa a cikin tanki, kauri nawa. Tankin tutiya yana aiki a wajen digiri 450 na ma'aunin Salsiyas, kuma a masana'antun da ke yin kwano akan zuba alminiyom ɗan kaɗan, kimanin kashi 0.2 cikin 100, don ya hana wani ɓawo mai gautsi tasowa tsakanin ƙarfe da tutiya, wanda in ya taso ruwan zai ɓare da zarar an lanƙwasa kwanon. Kamfanin Bethlehem Steel na Amurka ya fito da wani ruwan kwano mai suna Galvalume a 1972, mai alminiyom kashi 55, tutiya kashi 43.4, da silikon kashi 1.6. Daga baya aka shigo da magniziyom: ZAM na kamfanin Nisshin na Japan yana da alminiyom kashi 6 da magniziyom kashi 3, Magnelis na ArcelorMittal kuma yana da alminiyom kashi 3.5 da magniziyom kashi 3. Wanda ya dubi waɗannan alƙaluma zai ga yadda gonakin suke maƙwabtaka, har iyakar wannan na neman shiga ta wancan.

Shari'ar ruwan kurom, wato wannan ƙyallin da muke gani a salansar babur da kan famfo, ita ce ta fi nuna cewa lamba kaɗai tana iya zama ƙirƙira. Tun tsakiyar ƙarni na 19 masana suka iya ɗora kurom a kan ƙarfe da lantarki, kuma a 1920 George Sargent ya wallafa bincikensa a kan tanki mai asid ɗin kurom da ɗan salfet. Duk da haka aikin bai zauna a masana'anta ba. Yau tanki ya ba da ruwa mai ƙyalli, gobe tankin nan dai ya ba da abu dusu-dusu ko ya ƙi ba da komai, kuma babu wanda ya san dalili. Colin Fink na Jami'ar Columbia, wanda ya karɓi takardarsa a 1926, ya nuna cewa abin lura shi ne jimillar salfet da danginsa da ke cikin tankin, ko daga ina suka shigo, har da wanda ya biyo asid ɗin a matsayin gurɓata ba tare da an sani ba, kuma dole a riƙe wannan jimilla a kan kusan kashi 1 ga kowane kashi 100 na asid ɗin. Har yau littattafan sana'ar suna ba da giram 250 na asid da giram 2.5 na salfet a kowace lita. Da kamfanin United Chromium, mai riƙe da takardar, ya kai ƙarar International Silver, tsayuwar wanda ake ƙara ita ce sinadaran nan duk an riga an san su, an kuma yi aiki da su a ma'auni makusanci. A 1932 kotun ɗaukaka ƙara da ke New York, ta bakin alƙali Learned Hand, ta tabbatar da takardar, domin waɗanda suka gabata suna da kayan a hannu amma ba su san wanne ne linzamin ba, don haka nasararsu ta dace ce, ba su iya maimaita ta yadda suke so. Shekara huɗu bayan haka, a shari'ar da aka yi da General Motors, kotun nan dai ta soke takardar, amma a kan wani dalili dabam: an nuna cewa wani mai bincike mai suna Marvin Udy ya riga Fink kaiwa ga wannan sani. Ba a taɓa cewa sanin kansa abu ne da yake a bayyane ba.

Sai dai Fink togaciya ne, kuma ƙa'idar da ta fi rinjaye tana zargin lambobi. A 1955, cikin shari'ar Aller, kotun da ke sauraron ƙararrakin ƙirƙira a Amurka ta ce idan an riga an bayyana yanayin aiki gaba ɗaya, nemo ma'aunin da ya fi dacewa ta hanyar gwaje-gwajen yau da kullum ba ƙirƙira ba ne. A 1985 aka kai wannan ƙa'ida iyaka cikin shari'ar Titanium Metals da Banner. Kamfanin yana neman mallakar haɗin titaniyom mai nikel kashi 0.8 da molibdinom kashi 0.3, mai jure ruwan gishiri mai zafi, sai aka nemo wata maƙala da aka buga a Rasha wadda ta nuna haɗi biyu, ɗaya mai nikel 0.75 da molibdinom 0.25, ɗayan mai 0.94 da 0.31. Babu wanda ya yi daidai da na kamfanin, amma kotu ta ce sun yi kusa ƙwarai, har masanin sana'a zai sa ran halayensu ɗaya ne. A shari'ar Geisler ta 1997 kuma, wadda ta shafi siririn rufin kariya da ake ɗorawa a kan ƙarfe mai mayar da haske, mai da'awa ya nemi kauri daga nanomita 5 zuwa 10 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), alhali wata tsohuwar takarda ta ce kada kaurin ya gaza kimanin nanomita 10. Wannan haɗuwa a baki ɗaya tak ta isa ta ɗora masa nauyin kare kansa, kuma ya kasa, saboda bai kawo gwajin da ke nuna wani sakamako na ba-zata ba. Kotu ta tunatar cewa jawabin lauya ba ya zama shaida.

A ganina wannan zargi yana bisa hanya. Da za a bar kowane kamfani ya killace duk wani kashi biyu ko uku da ya matsa daga abin da aka sani, da shekara 20 ta zama 40, ta zama 60, domin duk lokacin da tsohuwar takarda ta kusa ƙarewa sai a ɗan gyara lamba a karɓi sabuwa, kuma jama'ar da aka yi cinikin da sunansu ba za su taɓa karɓar rabonsu ba. Amma ƙa'idar tana da rauni guda da ya kamata a faɗa a fili. Ta ginu ne a kan zaton cewa halayen ƙarfe suna canjawa sannu a hankali, ƙarin kaɗan ya kawo canji kaɗan. Masana ƙarafa sun san ba kullum haka take ba. Akwai gaɓoɓin da in an ƙetare su tsarin cikin ƙarfen yake juyawa gaba ɗaya. Silikon kashi 1.6 na Galvalume ƙaramin abu ne a ido, amma shi ne ke hana narkakken alminiyom cin ƙarfen da aka tsoma a ciki. Don haka doka ta bar ƙofa ɗaya a buɗe: mai da'awa ya nuna da gwaji cewa a cikin iyakar da ya zana wani abu na faruwa wanda ba ya faruwa a wajenta, kuma wanda masanin sana'a ba zai yi tsammani ba.

Nan ne shari'o'in suke komawa ɗakin gwaji. Gwajin da aka fi kawowa shi ne na feshin gishiri, inda ake jera gutattsarin kwano a jingine cikin rufaffen akwati, a riƙa busa musu hazon ruwa mai gishiri kashi 5 cikin 100 a zafin digiri 35, ana buɗewa lokaci-lokaci ana rubuta sa'ar da farar tsatsa ta fara fitowa da sa'ar da ja ta biyo baya. Lauyan da ya san aikinsa zai yi tambayoyi masu ciwo a kan wannan jadawali. Da me aka kwatanta sabon ruwan, da mafi kusancin abin da aka sani, ko da baƙin ƙarfe tsirara wanda kowane irin ruwa zai fi shi? An gwada a wajen iyakar da ake da'awa ta sama da ta ƙasa, ko a tsakiya kawai? Idan mutum ya nemi magniziyom daga kashi 1 zuwa 10 amma gwajinsa duk a kan kashi 3 ne, to abin da ya tabbatar bai wuce kashi 3 ba. Akwai kuma ƙorafin da injiniyoyi suka daɗe suna yi, cewa sa'o'in akwatin gishiri ba sa fassaruwa kai tsaye zuwa shekarun rufi, balle a ce sakamako ɗaya zai yi wa gidan da ke bakin teku a Legas da wanda ke shan ƙurar hunturu da zafin bazara a Azare ko Bajoga.

A 2007 Kotun Ƙolin Amurka ta ƙara tsaurara lamarin cikin shari'ar KSR da Teleflex, wadda ta shafi totur ɗin mota da aka haɗa da na'urar lantarki. Kotun ta ce idan kasuwa ta matsa ana neman mafita, kuma hanyoyin da ake da su ƙididdigaggu ne waɗanda ana iya hasashen sakamakonsu, to bin su ɗaya bayan ɗaya aikin hankali ne da ƙwarewar yau da kullum. Wannan hukunci ya faɗo daidai lokacin da Tarayyar Turai, a 2006 da 2007, ta hana amfani da nau'in sinadarin kurom da ake kira mai caji shida, wanda ke haddasa ciwon daji, a kayan lantarki da motoci. Kowace masana'anta ta shiga neman madadinsa a lokaci guda, kuma 'yan takarar sanannu ne: kurom mai caji uku, da sinadaran zakoniyom da na titaniyom, da makamantansu. Wanda ya riga kowa isa ofishin rajista a irin wannan tsere sai ya nuna abin da ya wuce saurin ƙafa.

Shari'ar da ta fi kusa da zamaninmu ita ce ta ArcelorMittal da AK Steel, a kan ƙarfen da ake yin ginshiƙan jikin mota da shi. Ana gasa farantin ƙarfe mai ɗan boron zuwa wajen digiri 900, a danna shi cikin mazubi yana ja-wur, a sanyaya shi nan take, sai ya fito da ƙarfin da ya kai megafaskal 1,500 a ma'aunin juriyar ƙarfe. Matsalar ita ce a wannan zafi fuskar ƙarfen tana ƙonewa ta yi ɓawo, dole a kankare kafin a yi walda ko fenti. Dabarar ArcelorMittal, wadda yake sayarwa da sunan Usibor, ita ce a yi wa farantin ruwan alminiyom mai ɗan silikon tun kafin a gasa shi. Yi wa ƙarfe ruwan alminiyom tsohon abu ne, ƙarfe mai boron ma tsohon abu ne, gasawa da dannawa ma haka. A ɗaya ɓangaren kuma, alminiyom yana narkewa a digiri 660, don haka mai lissafi na iya cewa ruwan zai zube a cikin tanda, alhali abin da ke faruwa shi ne ƙarfen yana ratsawa cikin ruwan yayin gashi, su haɗu su zama wani rufi mai jure zafin. An shigar da ƙarar a jihar Delaware a 2010, kuma a 2011 masu taimaka wa alƙali suka yanke cewa takardar ba ta da inganci, abin ba sabo ba ne kuma a bayyane yake. A 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta warware wannan ɓangare na hukuncin. Ta ce tsohuwar maƙalar da aka dogara da ita ba ta bayyana ruwan alminiyom ɗin yadda za a ce ta riga ta ƙunshi komai ba, sannan ta ce ƙaramar kotu ta yi kuskure wajen fassara kalmomin da suka siffanta farantin, kuma wannan kuskure ya hana a auna shaidar karɓuwar kayan a kasuwa yadda ya kamata. Daga baya kamfanin ya koma ofishin rajista ya faɗaɗa da'awarsa, sai kotun ta soke mafi yawan faɗaɗɗun da'awoyin a 2015, saboda dokar Amurka ba ta yarda a faɗaɗa takarda bayan shekara biyu da bayar da ita ba. Shekara biyar ke nan kamfanoni masu manyan lauyoyi da ɗakunan gwaji suna kai da kawowa a kan ruwa guda, ba tare da an tsayar da magana ɗaya a kan bayyanarsa ba.

Turawan Turai suna bi ta wata hanya mai ɗan tsari: ofishinsu yana zaɓar takarda ɗaya mafi kusa, ya tantance matsalar da sabon abu ya warware a kanta, sannan ya tambaya ko masanin sana'a zai bi wannan hanya, ba wai ko zai iya bi kawai ba, kuma kowa na da wata tara bayan bayar da takarda ya ƙalubalance ta a ofishin. Ingila tana da matakan da aka tsara a shari'ar Windsurfing ta 1985, aka gyara su a ta Pozzoli ta 2007, kuma su ne lauyan Najeriya zai fi saurin ɗaukowa, tunda kotunanmu suna sauraron hukunce-hukuncen Ingila a matsayin abin jan hankali.

Duk waɗannan ƙasashe suna da abu ɗaya da mu ba mu da shi, wato mai bincike a ofishin rajista wanda zai karanta da'awa ya ce wannan a bayyane yake tun kafin a buga hatimi. Sashe na 4 na dokarmu ya taƙaita aikin magatakarda ga duba cikar takardu da biyan kuɗi, ya hana shi bin diddigin ko abin sabo ne ko ƙirƙira ce, ya kuma faɗa ƙarara cewa ana ba da takardar ne bisa kasadar mai ita, ba tare da lamunin ingancinta ba. Ma'anar wannan ita ce takardar da aka rataya a bangon ofis a Bauchi ko Gombe, mai hatimin Abuja, ba ta tabbatar da cewa wani ya taɓa auna abin da ke cikinta ba. Awon farko zai zo ne ranar da aka je Babbar Kotun Tarayya, ko dai mai takardar ya kai ƙara, ko wani ya nemi a soke ta a ƙarƙashin sashe na 9. Kafin wannan rana kuwa takardar tana da haƙora. Doka ta ba mai ita ikon hana shigo da kaya, da sayar da su, da ajiye su don sayarwa, idan an same su kai tsaye daga hanyar da ya mallaka, kuma idan hanyar ta samar da sabon kaya ce, ana ɗauka cewa duk wanda ya yi irin kayan da hanyar ya yi su har sai ya nuna akasin haka. Dillalin da ya sauke tirelar kwano daga Legas, ko mai ƙaramar masana'antar da ke yi wa ƙofofi da tankunan ruwa rufin kariya, idan wasiƙar lauya ta iso masa, ba shi da ɗakin gwaji, ba shi da kuɗin ɗauko masani, kuma mafi sauƙi a wurinsa shi ne ya janye ko ya biya, ko da takardar ba za ta tsaya minti goma a gaban mai bincike ba.

Wuƙar tana yankan masu bincikenmu ma. A jami'o'in Najeriya an yi rubuce-rubuce masu yawa a kan hana tsatsa da ruwan ganyaye, dogon yaro da zogale da sauransu. A ɗauka wani malami a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ya jiƙa bagaruwa, irin wadda majema ke jima da ita, ya shafa wa ƙarfe mai tsatsa kafin fenti, ya ga fentin ya fi kamawa. Zai iya karɓar takarda a Abuja ba tare da wata tangarɗa ba. Amma duniya ta daɗe da sanin cewa sinadarin tanin na ɓawon itatuwa yana haɗuwa da tsatsa ya mayar da ita baƙin rufi mai kama jiki, kuma kowa ya san bagaruwa cike take da tanin, don haka lauyan abokin hamayya zai ce an musanya wata bishiya da wata ne kawai, ya ɗauko hujjar mariƙin ƙofar 1851. Abin da zai ceci malamin shi ne littafin gwajinsa: idan ya kwatanta bagaruwa da tanin ɗin da ake sayarwa, a ma'aunai daban-daban, ya nuna cewa a wani ƙayyadadden ƙarfi ko zafi tana yin abin da sauran ba sa yi, to yana da magana. Kuma dole ya shigar da takardunsa kafin ya gabatar da maƙala a taro, kafin ma kundin ɗalibinsa ya hau kantar laburare, domin dokarmu tana lissafa abin da mutum ya bayyana da bakinsa cikin ilimin da ya gabata, in ban da baje koli na ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi cikin wata shida kafin shigarwa. Tsarin ƙarin girma a jami'a yana tura malami ya wallafa da wuri, kuma ofisoshin mallakar fasaha da hukumar NOTAP, mai kula da shigo da fasaha da bunƙasa ta a Najeriya, ta kafa a manyan makarantu ya kamata su riƙa tarar sa tun kafin ya aika maƙalar.

Wannan faɗin ma'anar ilimin da ya gabata yana da alherinsa. Takardar Amurka ko ta Japan ba ta da iko a Najeriya sai an yi mata rajista a nan, kuma duk wadda ta cika shekara 20 ta zama ta kowa. Bayanin Galvalume na asali, da na tankin Fink, da dubban irinsu, suna nan kyauta a intanet a rumbunan ofisoshin ƙirƙira, da ma'aunansu da zafinsu. Su ne littafin koyo ga injiniyan da ke son kafa tankin tutiya a Gombe, kuma su ne garkuwar dillalin da aka aiko wa wasiƙa.

Gyaran da nake ganin ya fi gaggawa bai kai girman kafa cikakken ofishin bincike ba, wanda ke buƙatar masana masu yawa da kuɗi mai tsoka. Najeriya ta shiga yarjejeniyar haɗin gwiwar rajistar ƙirƙira ta duniya tun 2005, kuma duk buƙatar da ta biyo ta wannan hanya tana zuwa da rahoton binciken da wani babban ofishi ya riga ya yi. Ana iya wajabta ajiye wannan rahoto a fayil inda kowa zai gani, a kuma buɗe wa jama'a ƙofar ƙalubalantar takarda a ofishin rajista cikin ƙayyadadden lokaci da kuɗi kaɗan. Sashe na 26 na dokar ma ya riga ya ba kotu damar zama da masana biyu masu ba ta shawara a shari'ar da ta shafi fasaha. Alƙalin da aka ajiye wa jadawalin feshin gishiri a Bauchi yana buƙatar wanda zai gaya masa ko tazarar da ke tsakanin kashi 0.75 da 0.8 tana da ma'ana a wannan haɗin ko ba ta da ita, kuma irin waɗannan masana suna koyarwa a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi, da Jami'ar Jihar Gombe. Ya kamata kotun ta tanadi sunayensu da fannoninsu tun kafin irin wannan ƙara ta iso gabanta.